Littattafan Yaƙi da Aljanu a Kasuwar Adabin Kano

"Littattafan yaƙi" shi ne sunan da masu karatu da 'yan kasuwar littafi a Kano suke kiran wani rukuni na ƙagaggun labarai da ake ginawa a kan jarumtaka, tsafi da abubuwan al'ajabi. A cikinsu ake haɗuwa da sadaukin da ke tarar runduna shi kaɗai, da bokan da ke duba madubin tsafi ya hango abin da ke faruwa a wata nahiya, da aljanin da ke ɗaukar mutum ya keta tafiyar shekara arba'in kafin ƙiftawar ido. Idan ana zancen rubutun Hausa na Kano, littattafan soyayya ne kan fara zuwa bakin mutane, har wasu na zaton babu wani abu bayansu. Alhali wannan reshe na yaƙi da aljanu ya girmi na soyayya nesa ba kusa ba, kuma yana da marubutansa da dillalansa da masu karatunsa da ba su haɗa shi da komai.

Tushensa na farko tatsuniya ce, wadda kakanni ke yi wa jikoki da dare, inda Gizo da Ƙoƙi da Dodo ke magana kamar mutane. Tarihin birnin Kano kansa ya fara ne da irin wannan labari: Barbushe a kan dutsen Dala, da gunkin Tsumburbura da ba mai kusantarsa sai shi. Tushe na biyu daga Larabci ya zo. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta daɗe da zama matattarar masu sayar da littattafan Larabci da na ajami, kuma ta irin wannan hanya hikayoyin Gabas suka shigo gidajen malamai. Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka mayar da shi Hausa tun zamanin Turawa, da labarin Saifu ɗan Ziyazan sarkin Yaman, su ne suka ba marubutan baya siffar ifiritu da zoben sihiri da birnin da aka tsafe.

Da aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East a Hukumar Fassara, biyu daga cikin littattafai biyar da suka yi fice wannan turba suka bi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce ta neman wani ruwan magani da ba a samunsa sai da taimakon aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa na zahiri, sannan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasashen Gabas yana fafatawa da aljanu da arna. Daga baya Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne aka yi masa rawani da alkyabba. Duk waɗannan a Zariya aka buga su, da kuɗin hukuma, bayan editoci sun tace, kuma makarantu ne babbar kasuwarsu.

Labarin kimiyya kuwa, wato wanda ake gina al'ajabinsa a kan na'ura da sararin samaniya maimakon tsafi, ya sami wakilinsa a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. A shekarar ce kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya zaga da shi cikin taurari. Littafin ɗan ƙarami ne, amma ya nuna cewa Hausa na iya ɗaukar zancen kumbo da falaki ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Abin takaici, ƙalilan ne suka bi sawunsa.

Komawar harkar zuwa Kano ta faru ne a shekarun 1980, kuma dalilai biyu ne suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, sun samar da dubban matasa da matan aure masu iya karanta boko. A daidai lokacin kuma tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma buga littattafan makaranta kawai. Ga masu karatu, ga marubuta, babu mai bugawa. Sai marubutan suka ɗauki nauyin kansu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Cikin jagororin Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, mai littafin Rikicin Duniya. Littattafan 'yan ƙungiyar kan fito ɗauke da jerin sunayen littattafan sauran 'yan'uwa, ta yadda kowane littafi talla ne ga saura.

Yadda ake haihuwar littafi a wannan kasuwa a wancan lokaci abin lura ne. Marubuci kan rubuta labarinsa da biro a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai keken rubutu, daga baya mai kwamfuta, a buga masa. Daga nan sai gun mai zane, wanda zai zana bango: ƙaton jarumi da takobi tsirara, bayansa wani maridi mai ƙaho, can gefe gimbiya a ɗaure. Sai maɗaba'a, inda ake bugawa a farar takarda mai araha irin ta jarida, a naɗe, a ɗinke da ƙusar waya a tsakiya. Littafin ba ya da kauri, domin da gangan ake yanka labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har fiye. Ana tsayar da kowane kashi ne daidai inda aka ɗaga takobi za a sare wuyan jarumi, a ce wa mai karatu ya nemi na gaba. Dabarar ta kasuwanci ce tsantsa: cinikin kashi na ɗaya shi ke biyan kuɗin buga na biyu.

A wancan lokaci dillalai ne ƙashin bayan harkar. Shagunan littattafai na Jakara da bakin Kurmi a cikin birni, da na yankin Bata a Sabon Gari, su ke karɓar kaya su rarraba wa 'yan sari daga Katsina, Sakkwato, Kaduna, Jos, har Maraɗi da Damagaram. Sau da yawa dillalin ne ke ba da jarin bugu, ko ya sayi labarin ɗungurungum, kuma a nan ne marubuci kan cutu, domin littafi na iya yin kasuwa shekara da shekaru mai shi bai ƙara ganin ko kwabo ba. Ƙasa da dillalai akwai masu ba da haya a unguwanni, inda yaro zai biya 'yan canji ya karɓi littafi na kwana ɗaya. Kwafi guda kan ratsa hannaye da dama har bangonsa ya yage, shi ya sa yawan abin da aka buga bai taɓa nuna yawan waɗanda suka karanta ba.

A cikin marubutan wannan fage, sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi kowanne tashe, da littattafai irin su Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya shahara da Malikussaifi, wanda ya sake shimfiɗa tsohuwar hikayar nan ta Saifu ɗan Ziyazan da Hausar Kano. Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, ya yi suna da labaran ban tsoro da al'ajabi kafin ya karkata ga rubutun fim da talabijin. Akasarin labaran yaƙi a wani daɗaɗɗen zamani ake kafa su, a biranen da ke da sunaye masu kama da na Larabawa, kuma ƙarshensu kusan ɗaya ne: tsafi ya karye a gaban mai kiran sunan Allah. Wannan tsari shi ya ba su damar shiga gidajen da ake ƙyamar zancen bokaye.

Suka ba ta bar su ba. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa rubutun Kano baki ɗaya sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu, masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan. Hukumar tace finafinai da ɗab'i da aka kafa a Kano a 2001 ta matsa wa marubuta lamba daga 2007, ko da yake littattafan soyayya ne suka fi shan zafin. Wani ɓangare na sukar gaskiya ne: akwai kurakuran rubutu birjik saboda rashin edita, akwai maimaita salon faɗa iri ɗaya, kuma an bar fagen kimiyya kusan fayau, duk da ɗaliban kimiyya da jami'o'in Kano ke yayewa kowace shekara. Amma ba a musun cewa waɗannan littattafai sun riƙe samari da yawa ga karatun Hausa a lokacin da makaranta ta kasa, kuma sun adana kalmomin yaƙi irin su sulke, lifidi, kwalkwali da garkuwa a bakin yaran da ba su taɓa ganinsu ba sai a hawan salla.

Yau kasuwar takarda ta ja baya ƙwarai. Labaran sun koma waya: ana tura su a WhatsApp da Facebook, ana karanta su da murya a YouTube, inda masu sauraro ke bin labari guda na tsawon sa'o'i. Tsofaffin kwafin kuwa, da yake takardarsu ba mai ƙarko ba ce, suna ruɓewa a akwatuna. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004 ya ƙunshi ɗaruruwan littattafan Hausa na 1987 zuwa 2002, kuma an adana tarin irinsu a Landan. Ya kamata Jami'ar Bayero da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad su tattara na yaƙi da aljanu tun marubutansu da dillalansu na raye, kuma duk mai tsohon kwafi a gida ya adana shi, kada ya bari a ƙunsa ƙosai da shi.