Ladabin Kai Gudummawar Biki

A ƙasar Hausa, in aure ya tashi, dangi da abokan arziki sukan kai gudummawa. Maza sukan ba ango ko mahaifinsa kuɗi a asirce. Mata kuwa sukan kai wa uwar amarya kwanuka, ko turmin atamfa, ko kuɗi. Ita kuma takan riƙe lissafin abin da kowace ta kawo, don ta rama in bikin waccan ya zo, sau da yawa har da ninki. Shi ya sa ake cewa biki bashi ne.

A ganina, ninkin nan shi ke kawo wahala. Wata takan sayar da akuyarta don kada a ce ta gaza. Wata kuma kunya takan hana ta zuwa, zumunci ya yi rauni.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kowa ya bayar daidai ƙarfinsa, da hannun dama, ba tare da shela ba. Mai karɓa ya yi godiya, kada ya ƙirga a gaban baƙi, kada kuma ya raina kaɗan. Allah ya bar zumunci, amin.