Ko Kun Sani? Tsohon Masallacin da Ya Zama Ɗakin Karatu

Ko kun san cewa a ƙauyen Dandaji da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, tsohon masallacin Juma'a bai sha rusau ba da ya tsufa? Gyara shi aka yi, ya koma ɗakin karatu na jama'a, aka gina sabon masallaci a kusa da shi.

Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, su ne suka tsara aikin, aka kammala shi a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Tubalan sabon masallacin na jar ƙasa ne da aka haƙo a yankin, aka matse ta da inji ba tare da an gasa ba. Da haka aka rage siminti da kuɗin dakon kaya daga nesa.

Katangar ƙasa mai kauri takan tare zafin rana, sai dare ta sake shi, iska kuma tana ratsa ginin, don haka buƙatar na'urar sanyaya ɗaki ta ragu ƙwarai. Magina 'yan yankin ne suka yi aikin, kuɗin ya zauna a gida, sana'ar kuma ta samu magada.