MAKI 27 DA AKA CI MICHIGAN, DA DALILIN YABON MASU TSARON GIDANTA

Ran Asabar 27 ga watan Nuwamba, 2021, ƙungiyar ƙwallo ta Jami'ar Michigan a ƙasar Amurka ta ci ta Jami'ar Jihar Ohio da maki 42 da 27. An yi wasan ne a garin Ann Arbor, gaban 'yan kallo fiye da 111,000, dusar ƙanƙara tana zuba. Rabon Michigan da ta sami galaba a kan wannan tsohuwar abokiyar hamayya tata tun shekarar 2011, kuma a tsakani ta sha kaye sau 8 a jere. Da aka tashi, masu tsaron gidan Michigan suna cikin waɗanda aka fi yabawa, har ana cewa ciwon da ya daɗe yana damun ƙungiyar ya warke.

Amma duk wanda ya saba auna aiki da abin da ke rubuce a takarda, in ya dubi lissafin wannan rana zai yi mamaki. Ohio ta ci yadi 458 na fili. Mai jefa mata ƙwallo, C.J. Stroud, shi kaɗai ya ci yadi 394 da jifa, kuma ko sau ɗaya ba a cafke masa ƙwallo a sama ba. To, ina gyaran yake? Amsar wannan tambaya tana bukatar a san da wane mudu ake auna masu tsaron gida, domin mudun da ya fi saurin zuwa hannu shi ne ya taɓa yaudarar Michigan ɗin kanta.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan ƙwallo ba irin tamu ta ƙafa ba ce. Da hannu ake ɗaukarta, ko a ruga da ita ko a jefa. Tsawon fili yadi 100 ne, kowane gefe mutum 11. Masu kai hari suna da yunƙuri 4 su ci yadi 10. In sun ci a sake ba su 4, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ita gidan abokan gaba ya sami maki 6, da damar ƙarin 1. In hanya ta toshe, ana iya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna, a sami maki 3. Kowace ƙungiya tana da rundunar hari dabam, rundunar tsaro dabam, ko wacce da malaminta. Mai jefa ƙwallo kuwa shi ne madugun masu hari, daga hannunsa kowane shiri yake tashi, saboda haka babban burin masu tsaro shi ne su kayar da shi kafin ƙwallo ta bar hannunsa.

Daga 2016 zuwa 2020 malamin tsaron Michigan shi ne Don Brown, mutumin da ya yi suna wajen tura jama'a da yawa su auka wa madugu gaba ɗaya. Sauran da suka rage a baya kuwa, kowa ya riƙe mutuminsa, duk inda ya sa ƙafa ya bi shi. Wannan dabara ta yi aiki ƙwarai a kan ƙungiyoyin da 'yan wasansu ba su kai na Michigan gudu ba. A shekarar 2018, lokacin da suka tafi garin Columbus don karawa da Ohio, babu wata ƙungiyar manyan jami'o'i a Amurka da ta fi su rowar fili.  Aka tashi 62 da 39, Ohio ce da 62.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Malaman Ohio sun ga cewa tun da kowane mai tsaro yana bin mutum ɗaya ne, sai su sa masu karɓar ƙwallonsu, waɗanda suka fi gudu, su riƙa ratsa fili suna gilma juna. Mai bi ya yi karo da ɗan'uwansa ko ya makara da taki ɗaya, ƙwallo ta isa hannu, bayansa kuma babu kowa. Dwayne Haskins ya jefa ta cikin gida sau 6 a ranar. Da shekara ta kewayo, a 2019, aka sake karawa a Ann Arbor, Ohio ta ci 56 da 27. Watau lissafin da aka tara a kan masu rauni cikin watanni uku bai faɗi kome ba game da ranar wanka, ranar da ba a ɓoye cibiya.

Shekarar 2020, shekarar annobar korona, ita ce ta ƙarasa tona asiri. Wasa 6 kawai Michigan ta yi, ta ci 2, aka ci ta 4, kuma an zura mata maki 207, watau 34.5 a kowane wasa. Karawa da Ohio ma ba a yi ta ba saboda cutar. Aka sallami Brown a watan Disamba. Babban malamin ƙungiyar, Jim Harbaugh, wanda tun zuwansa a 2015 bai taɓa cin Ohio ba cikin karo 5, ya tsira da kujerarsa, amma sai da ya yarda aka rage kusan rabin albashinsa. Ma'aikaci ya san ma'anar irin wannan takarda ba sai an fassara masa ba.

Wanda Harbaugh ya ɗauko ya maye gurbin Brown shi ne Mike Macdonald, ɗan shekara 33, daga ƙungiyar ƙwararru ta Baltimore Ravens, inda wansa John Harbaugh yake shugabanci a lokacin. Macdonald bai taɓa riƙe rundunar tsaro sukutum ba, don haka masu shakka ba su yi kaɗan ba. Abin da ya kawo shi ne ɓad da kama. Kafin a soma yunƙuri sai masu tsaro su jeru kamar za su yi abu kaza, da ƙwallo ta motsa sai su juye su yi wani. Wani lokaci kowa ya riƙe mutuminsa, wani lokaci kowa ya tsare yankinsa, a bar mutum biyu can baya suna gadin nesa. Manufar ita ce madugu ya yi jinkiri ko da na ƙiftawar ido ne yana karanta abin da ke gabansa.

Wannan jinkiri kuwa ba shi da amfani sai in akwai masu cin moriyarsa, kuma a nan ne Michigan ta yi sa'a. A gefe ɗaya akwai Aidan Hutchinson, wanda ya karye a ƙafa a 2020, ya dawo don ya yi shekararsa ta ƙarshe. A ɗaya gefen akwai David Ojabo, haifaffen Nijeriya, wanda ya tashi a garin Aberdeen na ƙasar Birtaniya, bai kuma soma wannan wasa ba sai da ya je makarantar sakandare a Amurka. Kafin 2021 da ƙyar ake ganinsa a fili. A wannan shekara Hutchinson ya kayar da madugu sau 14, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin jami'ar, Ojabo kuma sau 11. Lissafin a fili yake. In mutum 4 sun isa su takura wa madugu, saura 7 suna baya suna tsaron masu karɓa. A zamanin Brown sau da yawa sai an tura 5 ko 6, a bar baya da ƙarancin hannu.

Yanzu sai a koma ga ranar 27 ga Nuwamba. Ohio ta zo tana cin fiye da maki 45 a kowane wasa. Mako ɗaya kafin nan ta yi wa Jami'ar Jihar Michigan, wadda ita ma ba kanwar lasa ba ce a shekarar, 49 da babu tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Masu karɓar ƙwallonta uku, Garrett Wilson da Chris Olave da Jaxon Smith-Njigba, dukkansu daga baya ƙungiyoyin ƙwararru sun ɗauke su tun a zagayen farko na zaɓe. Ba wanda yake da hankali da zai ce zai hana irin waɗannan kama ƙwallo. Abin da Macdonald ya nema shi ne kada su kama ta a bayan kowa. Ya bar musu gajeren jifa, su sha wahalar hawa fili taki-taki, da fatan cewa tafiya in ta yi tsawo ba a rasa tuntuɓe.

Haka kuwa aka yi. Sau biyu kafin hutu Ohio ta matso kusa da gida, ta kasa shiga, ta koma ga bugun ƙafa, ta ɗauki maki 6 inda da a shekarun baya 14 za ta ɗauka. Aka tafi hutu Michigan tana da 14, Ohio 13. Da aka dawo, Ohio ce ta fara da ƙwallo, ta yi niyyar nuna ƙarfi, ta ruga da ita sau 3 a jere. A na ukun, saura yadi 2 kacal, Josh Ross ya keta sahu ya tare mai gudun tun bai kai layi ba. Ohio ta mayar da ƙwallo, Michigan kuma ta shiga gida cikin yunƙuri 3. Daga nan Ohio ba ta sake kamo su ba. An kayar da Stroud sau 4, uku na Hutchinson, ɗaya na Ojabo. Abin da Ohio ta ci da gudu duka-duka yadi 64 ne, ko da yake a ƙa'idar jami'o'i ana cire asarar kayen madugu daga wannan lissafi, don haka adadin ya ɗan fi gaskiya muni. Yadi 394 na Stroud kuwa, sai da ya yi jifa 49 kafin ya tara su, da yawansu kuma bayan an riga an bar su a baya, lokaci yana ƙurewa.

Saboda haka gyaran na gaskiya ne. Ƙungiyar da ta zuba 62, ta zuba 56, an tsayar da ita a 27 alhali makamanta ba su ragu ba. In aka haɗa shekarar duka, an ci Michigan maki 243 a wasa 14, watau wajen 17 a kowane wasa, rabin na bara.

Sai dai Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma akwai abubuwan da murnar wannan rana ta rufe. Na farko, masu harin Michigan sun ɗauke wa masu tsaro kaya mai nauyi. Sun ci yadi 297 da gudu, Hassan Haskins ya shiga gida sau 5, kuma bayan hutu duk lokacin da suka riƙe ƙwallo da niyyar ci sai sun ci. Wanda ake binsa maki dole ya yi ta jifa, wanda kuma aka san jifa zai yi, farautarsa ba ta da wuya. Ga ihun 'yan kallo da ya sa 'yan Ohio suka riƙa motsawa kafin lokaci ana mai da su baya. Sa'an nan makonni huɗu kafin wannan, ran 30 ga Oktoba, waɗannan masu tsaro ɗin ne Kenneth Walker na Jihar Michigan ya keta, ya ci yadi 197, ya shiga gida sau 5, aka ci su 37 da 33 bayan suna gaba da 30 da 14. A ranar an sha kama su suna tsakiyar musayar 'yan wasa, ba su gama jeruwa ba.

Jarrabawa ta gaba ta zo ran 31 ga Disamba, da Jami'ar Jojiya, bayan Michigan ta ci Iowa 42 da 3. Jojiya ta yi nazari, ta ƙi ba Hutchinson da Ojabo lokacin da suke bukata. Madugunta Stetson Bennett ya riƙa sakin ƙwallo nan da nan zuwa gefe, ana haɗa masu gudu da masu tsaron tsakiya waɗanda ba su kai su sauri ba. Ko sau ɗaya ba a kayar da shi ba. Kafin hutu 27 da 3 ne, aka tashi 34 da 11. Ashe rabin gyaran yana kan kafaɗun mutum biyu ne, kuma dukansu sun bar jami'ar bayan wannan wasa. Macdonald ma ya koma Baltimore a watan Janairu na 2022.

Akwai kuma wata inuwa da ta faɗo a kan lissafin daga baya. A 2023 ta bayyana cewa wani ma'aikacin ƙungiyar, Connor Stalions, ya shirya tura mutane filayen wasu jami'o'i suna ɗaukar hoton alamun da malamai suke yi wa 'yan wasansu da hannu, abin da doka ta hana. A watan Agusta na 2025 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta yanke hukunci cewa an yi haka daga 2021 zuwa 2023, ta ci jami'ar tara mai yawa, ta kuma sa wa Harbaugh takunkumin shekara 10, amma ba ta soke nasarorin ba. Mai tsaron da ya san ko gudu za a yi ko jifa ya sami rabin aikinsa a sama, kuma magoya bayan Ohio ba su daina faɗin haka ba. Mai adalci ba zai share wannan ba, ko da yake sanin alama ba shi ne yake ture ƙato mai nauyin buhu uku daga hanya ba.

Abin da ya fi ƙarfafa hujjar masu cewa tsarin ne ya gyaru shi ne abin da ya biyo baya. Jesse Minter, wanda shi ma ya yi aiki a Baltimore, ya gaji Macdonald ya ci gaba da karatunsa. Ba Hutchinson, ba Ojabo, Michigan ta je Columbus a 2022 ta ci 45 da 23. A 2023, bayan Stalions ya bar aiki, Harbaugh kuma yana dakace ba ya bakin fili, ta ci 30 da 24, ta wuce ta ɗauki kambin ƙasa ran 8 ga Janairu, 2024, da ta doke Washington 34 da 13. A Nuwamba na 2024, ƙarƙashin malami na uku daga Baltimore, Don Martindale, ta tsayar da Ohio a maki 10, ita tana da 13, alhali Ohio ce ta zama zakaran ƙasa a ƙarshen wannan kaka. Ohio ba ta huce haushi ba sai ran 29 ga Nuwamba, 2025, a Ann Arbor. Maki 27 ta sake ci, daidai da na 2021, amma a wannan karo masu harin Michigan ba su shiga gida ko sau ɗaya ba, suka tashi da 9.