Hoton da Ba Ya Fita Daga Gida

Buɗe wayarka ka duba hotunan da ke ciki. Na Sallah, na biki, da wanda ka ɗauki kanka a ƙofar ɗakin lakca sau goma ka goge tara. To yanzu nemo guda ɗaya da Inna take tankaɗe a tsakar gida, ko Baba yana gyaran taru a zaure. Da wuya ka samu.

Ɗauki Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗejiya. Tun 2008 dausayinta ya shiga jerin Ramsar, wato dausayoyin da duniya ta amince a kare, kuma baƙi kan zo da kyamarori masu dogon baki saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi. Tsuntsu dai ya samu mai ɗaukarsa. Amma matar da ke bandar kifi a bayan danga, da kakar da ke saƙa tabarmar kaba, da yaran da suka dawo daga fadamar shinkafa duk taɓo har gwiwa, wa ke ɗaukarsu?

Za ka ce ai ba sa yarda. Gaskiya ne. Kana ɗaga waya za ka ji an ce, "Kai, kar ka sa ni a wayar nan!" Kuma wallahi suna da hujja. Hoton waya ba ya zama inda aka ajiye shi. Yau yana hannunka, gobe ƙaninka ya ɗora a WhatsApp, jibi wani da ba ku taɓa gani ba ya haɗa shi da waƙa a TikTok. Matar aure a cikin gidanta, ba mayafi, tana daka: ke da kike karanta wannan kin san rigimar da irin hoton nan zai jawo idan ya fita.

A nan ne tsohuwar fasahar hoton nan-take ta burge ni. Iyayenmu sun san ta, ita ce ta masu hoton da ake ce wa "wet-an-get", a ɗauke ka, ka ɗan tsaya, ka tafi da abinka. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ya ƙirƙiro ta, bayan 'yarsa mai shekara uku ta tambaye shi a 1943 me ya sa ba za ta ga hoton da ya ɗauke ta yanzu-yanzu ba. A 1948 kamfaninsa Polaroid ya fara sayar da kyamarar. Zuwan dijital ya durƙusar da kamfanin har ya daina yin fim a 2008, sai wasu masu son abin suka karɓi masana'antarsa ta ƙasar Holan suka ci gaba. Fujifilm ta Japan kuwa tun 1998 take yin tata mai suna Instax, wadda matasan duniya suka koma wa yanzu.

Sinadaran wankin suna cikin takardar kanta, a wata 'yar jaka da ke farin gefen ƙasa. Kana dannawa, wasu ƙarafa biyu su matse jakar su baza sinadarin, takarda ta fito. A Instax cikin kamar minti ɗaya da rabi fuska ta fara bayyana. Kar ka kaɗa ta kamar mafici, ba ya ƙara mata sauri.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne guda ɗaya tak ke fitowa. Babu kwafi a mimori, babu a intanet. Ka miƙa wa Inna a hannunta, ta duba, ta yi dariya, ta sa a ƙasan adaka ko cikin kwalla. Ita ke da shi, ita za ta zaɓi wanda zai gani. A ganina wannan ne zai sa wadda ke gudun waya ta ce, "To bari in gyara ɗankwali." Kuma tunda fim goma ne kacal a fakitin Instax ƙarami, ba za ka yi ta dannawa barkatai ba. Sai ka zauna, ka jira lokacin da Kaka ta manta da kai ta ci gaba da ba jikanta fura.

Sai dai fa akwai matsala, ba ɗaya ba. Fim ɗin daga waje yake zuwa, kuɗinsa na bin dala, kuma ba abin da za ka tsinta a kowane shago ba ne. Sai ka nema a manyan birane ko ka yi oda. Zafi ma abokin gabarsa ne. Fujifilm ta ce a yi amfani da shi tsakanin digiri 5 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu Haɗejiya na wuce 40. Idan aljihu bai kai ba, akwai dabara: ka ɗauka da waya, ka kai situdiyo a wanke, ka goge na wayar a gaban mai hoton.

Babbar barazanar ita ce ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗejiya ya san yadda ɗakin ƙasa ke zubewa da duk abin da ke cikinsa, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa tana ƙara ta'azzara lamarin. Hoton da ba shi da kwafi, idan ruwa ya ci shi, shi ke nan. Abin da ya sa Inna ta yarda da shi, shi ne kuma zai iya raba ku da shi har abada.

Za ka iya ɗaukar hoton da waya don ajiya, amma ka sani ka dawo da shi inda aka guda tun farko. Wannan shawarar ba taka ba ce, ta wadda ke cikin hoton ce, ka tambaye ta. Idan ta ce a'a, sai ka rubuta sunanta da kwanan wata a farin gefen, ka naɗe a leda, ka sa cikin gwangwani mai murfi tare da takardun makaranta da katin zaɓe, a wurin da hannu zai fara kaiwa idan aka ce ruwa ya shigo gari da dare.