Jini Yakan Ba Da Labari Tun Ciki Bai Fito Ba

A nan Ƙofar Gayan cikin birnin Zariya, mun saba ganin ana shiga da mace mai ciki Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a guje, tana jijjiga. 'Yan'uwa su ce iska ce ta buge ta farat ɗaya. Ba haka ba ne. Ciwon ya daɗe yana tafe.

Mafarinsa a mabiyiya yake. Idan ba ta kafu sosai a mahaifa ba, bayan mako 20 sai jinin uwa ya hau zuwa 140 bisa 90 ko fiye, ƙoda ta soma zubar da furotin cikin fitsari. Daga nan sai ciwon kai, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi. In an yi sakaci, jijjiga ta biyo baya, a rasa uwa ko ɗa.

Yanzu likitoci suna iya hango shi tun mako 11 zuwa 13. Akwai sinadarai biyu da mabiyiya ke zubawa cikin jini, PlGF da PAPP-A. Idan sun yi ƙaranci, alama ce. Sai a haɗa da awon hawan jini da hoton ciki. Binciken ASPRE na shekarar 2017 ya nuna asfirin kaɗan kowane dare, in an fara da wuri, ya rage irin ciwon da ke sa haihuwar bakwaini da kashi 62 cikin 100. Amma likita ne kaɗai zai rubuta shi.

Ba kowane asibiti ke da wannan gwaji ba, amma awon hawan jini da na fitsari suna kusa da mu. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mutuwa ta fi yawa ƙwarai cikin matan da ba su je awo ba.

Al'adarmu ce a ɓoye ciki, musamman na fari, don kunya. Ga shi kuwa na fari ya fi haɗari. Ya ku magidanta, mu raka matanmu awo tun wata na uku. Zumuntar Mata kuma ta tunasar da amare. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti, gama Ubangiji ne ya ba likita sani.