Jiki Magayi: Tsohon Littafin Da Ya Raba Kan Masu Karatu A Ƙasar Kunduru

 Yau shafin namu zai ratsa da ku ƙasar Kunduru, cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, inda wasu tsofaffin littattafai uku suka hana mutanen wata unguwa kwanciya da wuri har tsawon rani guda.

Yadda abin ya faro shi ne, bayan an gama tattara amfanin gona, dawa ta shiga rumbu, wani malamin firamare da ya yi ritaya ya buɗe akwatinsa na ƙarfe don ya shanya takardunsa saboda gara. Samari suka ga littattafai da bangonsu ya yi ja don tsufa, suka roƙe shi ya riƙa karanta musu da dare a ƙofar gida. Kafin mako ya zagayo, mata sun fara fitowa da tabarminsu, dattawa kuma suna jawo kujeru. Sai gardama ta tashi a kan abin da za a karanta. Samari suka ce su dai na ban dariya suke so. Wani dattijo ya ce in ba tarihi ba ne, ɓata man fitila ne kawai. 'Yan mata kuwa, da kunya da komai, suka aiko ƙaramin yaro ya ce ko akwai na soyayya. Malam ya yi murmushi ya ce kowa zai samu nasa, gama duka ukun yana da su, kuma gasa ɗaya ce ta haife su.

Asalin littattafan

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasa ta rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri, aka fara buga su a 1934. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi, wanda John Tafida Wusasa ya rubuta tare da shi East ɗin.

Mutanen Katsina suna da rabo babba a wannan tarihi. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara ta a 1939. Bello Kagara kuwa wansa ne, ya koyar a Katsina, har ya riƙe sarautar Walin Katsina. Shi kuma John Tafida ɗan jama'ar Kirista ne na Wusasa, kusa da Zariya, jama'ar da ta taso daga aikin da Likita Walter Miller ya fara a birnin Zariya a 1905. Ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari na Hausar boko, akwai hannun ɗan'uwanmu a ciki.

Dariya da tarihi

Da Ruwan Bagaja aka fara, kuma a nan ba a sami saɓani ba. Duk daren da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka haɗu a wani gari, wannan ya yi wa wancan ƙulli, wancan ya rama, sai ka ji dariya har bayan unguwa. Abin da ya fi burge dattawa shi ne dalilin tafiyar, wato yaro ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan nan domin ya wanke kunyar da aka ba mijin mahaifiyarsa a gaban sarki. Wata tsohuwa ta ce ita abin da ta riƙe ke nan, sauran duk shiririta ce ta maza.

Ganɗoki kuwa ya ɗan raba kan jama'a. Dattijon nan mai son tarihi ya ji daɗin farkon littafin, gama akwai yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa a Bida da Kontagora a 1901, da zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903. Amma da labari ya kai inda jarumin ya faɗa ƙasar aljannu, sai ya tattara rigarsa ya ce an fara ƙarya, shi ya tafi. Samari kuwa a nan ne suka gyara zama, suna cewa ai cika bakin Ganɗoki shi ne gishirin littafin. Malam ya raba su da cewa marubucin bai yi alkawarin littafin tarihi ba, labari ya ce zai bayar, kuma mai hankali ya san inda tsaba ta ƙare, ƙaiƙayi ya fara.

Inda dariya ta tsaya

Da aka zo kan Jiki Magayi, daren farko an yi dariya ƙwarai. Ga wani attajiri, Malam Shehu, a garin Galma, yana da dukiya da mata amma ba shi da ɗa, ya ƙwallafa rai a kan yarinya Zainabu, alhali kuwa kowa ya san da saurayinta Abubakar. Mata suka yi ta tsokanar dattawan da ke wurin, suna cewa ga irinku nan, furfura a ka, ido a kan 'yan mata. Dattawa suka rama da cewa ai kuɗi ba ya tsufa.

Amma dare na biyu da na uku, dariya ta fara ja da baya. Dukiya da asiri suka yi aikinsu, Zainabu ta zama matar Malam Shehu, ta haifa masa ɗa, aka riƙa kiransa Kyauta. Abubakar ya bar gari da rantsuwar sai ya rama, ya yi shekaru yana yawo cikin dazuzzuka yana shan azaba wajen neman mugun magani. Da ya samu, ba a kan attajirin ya sauke ba, sai a kan yaron da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ubansa ya rasa ransa ta sanadinsa, shi kuwa bai san uban nasa ba ne. Daren da aka karanta wannan wuri, kowa ya naɗe tabarmarsa ba tare da ko sai da safe ba.

Wa ke da laifi?

Kashegari, bayan an tashi daga sujada, ba a maganar komai a gindin itace sai wannan. Ra'ayi ya rabu kashi huɗu.

Samari suka tsaya bayan Abubakar. Hujjarsu ita ce, talaka ba shi da wurin kai ƙara in mai kuɗi ya ƙwace masa yarinya, kuma wanda bai ɗanɗana wannan ba, bai san zafinta ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda yake zuwa cin rani Kano kowace shekara, ya ce labarin 1934 ne amma kamar jiya aka rubuta, gama har yanzu saurayi yakan tafi neman kuɗin aure ya dawo ya tarar an sha biki.

Dattawa suka ce a'a. Ko da an zalunci Abubakar, me yaron ya yi masa? Wani daga cikinsu ya lissafa abin da ramuwar ta ci: ƙuruciyar Abubakar, da lafiyarsa, da rayuwar Kyauta, da ran Malam Shehu, da kwanciyar hankalin ita Zainabu wadda ya ce yana so. Sa'an nan ya tambaya, a cikin duk wannan, me ya komo hannun Abubakar? Ya tuna wa samarin abin da suka sani tun suna yara, cewa ramuwa ba aikin mutum ba ce, ta Ubangiji ce.

Matan zumunta kuwa suka ce duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Wata uwa ta ce maza suna ta jayayya a kan wanda ya ƙwace da wanda aka ƙwace wa, kamar maganar akuya ake yi. Ta ce babu yarinyar da take shiga ɗakin miji ba tare da hannun manya ba, saboda haka duk gidan da aka bar kayan mai kuɗi suka riga ra'ayin yarinya shiga zaure, to, a nan aka shuka abin da za a girbe. Ta ƙara da cewa a lura da abin da ya tura Malam Shehu tun farko, wato gorin rashin haihuwa, wanda mu mata muka fi kowa iya yi wa juna.

Kashi na huɗu su ne 'yan matan, kuma su ne ba su ce komai ba a fili. Sai daga baya wata ta faɗa wa goggonta cewa ita Zainabu ta ba ta haushi, kuma ta ba ta tausayi, domin da alama kowa a labarin yana da abin da yake so a yi da ita.

Ko ya dace yara su karanta irin wannan?

Akwai kuma wani dattijon ikkilisiya da ya kawo wata magana dabam. Shi bai ji daɗin yadda asiri da bokaye suka cika littafin ba, har ya yi mamakin a ce ɗan Wusasa ne ya rubuta. Yana tsoron kada yara su ɗauka cewa ga hanya nan in an ɓata musu rai. Malam ya amsa masa cikin ladabi, ya ce, Baba, ai marubucin bai ɓoye farashin hanyar ba, kuma sunan littafin kansa gargaɗi ne, wato wanda bai ji bari ba, jikinsa zai gaya masa.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Daga baya littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, irin su Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Iyaye da malamai da yawa suka ce suna lalata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Marubutan kuwa suka ce su madubi suka riƙe wa jama'a a kan auren dole da hana 'ya'ya mata ilimi. Yanzu kuma labaran sun koma cikin wayar hannu, ana tura su ta WhatsApp da Facebook, yarinya tana kwance a ɗaki tana karantawa, uwarta ba ta san me ke ciki ba.

A nan ne muke ganin mutanen unguwar nan sun yi dabara, ko da ba da niyya suka yi ba. Labarin da aka karanta a ƙofar gida, uwa ta ji, uba ya ji, yaro ya ji, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, ba daidai yake da wanda aka haɗiye a ɓoye ba. Ko da akwai guba a ciki, an sami masu tsamo ta.

Abin da ya biyo baya

Abin da ya sa muka kawo muku wannan labari shi ne, a cikin masu sauraron nan akwai wani magidanci da ke da 'ya budurwa. Wani ɗan kasuwa mai hali ya aiko neman aurenta, ga kuma wani saurayi manomi da suka daɗe suna son juna, wanda bai mallaki komai ba sai gonar gado da keke. Kowa a unguwar ya san da maganar, shi ya sa ma gardamar ta yi zafi haka, ko da yake ba wanda ya kama suna.

Magidancin bai ce uffan ba a duk kwanakin muhawarar. Amma bayan mako guda ya je wurin Malam ya ari littafin, ya sa ƙaramin ɗansa ya sake karanta masa shi kaɗai. Sa'an nan ya kira ƙanwarsa ya ce ta zauna da yarinyar ta ji abin da ke ranta, ya kuma aika wa ɗan kasuwan cewa a dakata da kawo kaya tukuna. Har zuwa lokacin da muke rubuta wannan, ba a tsai da magana ba. Wataƙila yarinyar ta zaɓi manomin, wataƙila ta zaɓi ɗan kasuwan, gama shi ma mutumin kirki ne, kuma talauci ba abin wasa ba ne. Amma dai an tambaye ta.

To, 'yan'uwa, ku da kuka taɓa karanta Jiki Magayi a makaranta ko a gida, a wane ɓangare kuke? Laifin attajiri ne, ko na saurayi, ko na manyan da ke zaure? In kuma akwai tsohon akwati a gidanku, ku buɗe shi kafin gara ta riga ku, ku tara yara ku karanta tare. Muna jiran wasiƙunku. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.