Cinikin Kirifto da Tsabar Kuɗi a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, wadda ta shimfiɗu a gabashin Jihar Sakkwato a bakin gulbin Rima da gulbin Sakkwato, ƙasa ce da arzikinta ya dogara da fadama da kiwo, kuma tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin zaman dako don tsaron iyaka, har ya rasu a can a 1837, kasuwanninta ke tara manoma da makiyaya da fatake. Shinkafa da albasa da tafarnuwar da ake nomawa da rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo, da dabbobin da ake korawa zuwa karar Achida, galibi da tsabar kuɗi ake cinikinsu, domin rassan banki sun yi ƙaranci, kuma manomi ya fi natsuwa da abin da ya ƙirga da hannunsa. A cikin wannan tsohuwar kasuwa ce wata sabuwar haja ta shigo, hajar da ba ta da rumfa kuma ba a auna ta da mudu, wato kuɗin intanet da matasa ke kira kirifto.

Kafin a fahimci matsalar da wannan haja ta zo da ita, ya kamata a lura cewa ciniki da tsabar kuɗi a ƙasar Hausa bai taɓa zama ciniki tsakanin mutanen da ba a san su ba. Takardar naira ba ta ɗauke da sunan mai ita, amma hannun da ya miƙa ta sananne ne, kuma idan ba a san shi ba sai an nemi wanda ya san shi. Wannan ne aikin dillali a kara: baƙon da ya koro sa ba ya sayar da shi da kansa, sai ya sauka a hannun dillalin da zai tsaya masa, ta yadda idan daga baya aka gano cewa dabbar ta sata ce, dillalin za a tuhuma, kuma la'adar da yake karɓa ladan wannan lamunin ce kamar yadda take ladan haɗa mai saye da mai sayarwa. Masanin nan Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya tsayu a kan maigida, wanda ke sauke baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya kuma lamunce masa bashi. Ke nan tantance mutum tsohuwar al'ada ce a kasuwa, sai dai da fuska da asali da shaidar mutane ake yin ta.

Kirifto ya juya wannan tsari. Bitcoin, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2009, an gina shi ne a kan wani kundin ciniki na bai ɗaya da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, inda ake rubuta kowace musaya ba tare da an iya goge ta ba. Mai kuɗin yana ajiye su a lalita, wato manhajar da ke riƙe da mabuɗin sirri, kuma abin da kundin ke nunawa a madadin sunansa shi ne adireshi, jerin haruffa da lambobi masu tsawo. Daga nan ne mutane da yawa suka ɗauka cewa kirifto kuɗi ne marasa sawu, alhali kuwa suna kawai ya ɓoye, sawun yana nan har abada ga duk mai son bi, kuma ranar da aka danganta adireshi ɗaya da mutum, duk abin da ya shiga da wanda ya fita ta wannan adireshi ya tonu. Hajar da ta fi tafiya a Najeriya ma, wato USDT, wadda aka ɗaure darajarta da dalar Amurka, kamfanin Tether da ke fitar da ita yana da ikon daskarar da kuɗin da ke wani adireshi, kuma ya sha yin haka bisa buƙatar hukumomi.

Hanyar da tsabar kuɗi ke bi ta zama kirifto a irin waɗannan garuruwa takan fara ne daga teburin mai POS, wato wakilin da ke karɓar kuɗi a hannu ya tura su asusu, ko ya cire daga asusu ya bayar a hannu, da na'urar kamfanoni irin su Moniepoint da OPay. Matsayin wannan wakili ya ƙaru ƙwarai tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da sauyin fasalin kuɗi ya tilasta wa ko da mai sayar da albasa karɓar taransifa. Mai saye yakan miƙa kuɗinsa a tura su asusunsa, sannan ya shiga dandalin cinikin mutum da mutum, inda masu sayarwa ke jera farashinsu. Dandalin yakan riƙe kirifton mai sayarwa a matsayin ajiyar amana har sai ya tabbatar kuɗi sun shigo masa, sannan ya sake shi zuwa lalitar mai saye. Akwai kuma gajeriyar hanya, inda mai saye zai sami wani ɗan harkar da ya sani, ya ƙirga masa kuɗi ido da ido, shi kuma ya tura masa daga lalitarsa, ya ɗora ribarsa a kan farashin dala na ranar. Wannan hanya ta biyu ce kaɗai ba ta bi ta kan wata takarda, kuma ita ce ta fi kama da tsohon cinikin 'yan canji da ake yi a Illela, kan iyakar Nijar, tsakanin naira da sefa.

Cinikin mutum da mutum ya bunƙasa ne bayan 5 ga Fabrairu 2021, ranar da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto, hanin da bai ɗage ba sai a Disamba 2023. Tun daga 2021 ƙofofin da ake shiga ba tare da shaida ba suke ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Dandalin kirifto na Binance ya wajabta wa duk masu hulɗa da shi tantancewa a 2021. Babban Banki ya umarta a Disamba 2023 cewa ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da lambar BVN ta banki ko lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar cibiyar kuɗi ba. A Fabrairu 2024 gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa dala biliyan 26 sun ratsa ta Binance a Najeriya cikin shekara guda daga hannun mutanen da ba a iya tantance su ba, aka tsare jami'an kamfanin biyu, Binance kuma ya daina hulɗa da naira a watan Maris. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hannayen jari, wadda tun a Agusta 2024 ta ba kamfanonin kirifto na Quidax da Busha izinin farko.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa duk mai neman sirri a dukiyarsa mai laifi ne, musamman a wannan yanki. A ranar 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka far wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40, kuma wata guda kafin nan gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Rabah da Goronyo. A ƙasar da ake sace mutum don kuɗin fansa, kuma aka san akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoton wanda ya sayar da shanu ko ya kwashe amfanin gona, sanin da kasuwa ke yi wa mutum, wanda a da shi ne garkuwarsa, ya zama abin tsoro. Mai dukiyar da ya fi son ta zauna a wayarsa maimakon ƙarƙashin katifa yana da hujja mai ƙarfi, kuma sirrin da yake nema daga maƙwabci ne, ba daga hukuma ba. Kuɗin fansa kuwa, a iya abin da aka saba gani a arewa maso yamma, da buhunan naira da babura da kayan abinci ake biyan su. Katse layin wayar ya kuma nuna raunin sabuwar ajiyar, domin dukiyar da ke lalita ba ta motsi inda babu sabis.

Babbar ɓarakar da tsaurara tantancewa ta haifar ita ce kasuwar aron suna. Tantancewar da 'yan harkar ke kira KYC tana buƙatar katin shaida da lambar NIN ko BVN da ɗaukar hoton fuska kai tsaye, kuma matasan arewa da yawa sun fara sanin ta ne ta hanyar abin da suke kira mainin, wato tara maki a manhajoji irin su Pi da Hamster Kombat da fatan za su zama kuɗi. Da yake akwai masu son buɗe asusu da yawa, ko masu gudun a ga sunansu, sai aka sami masu biyan talaka 'yan kuɗi kaɗan don ya ba da lambarsa da fuskarsa, a buɗe asusun da wani daban zai sarrafa. A zahiri wanda ya ba da sunan ya zama dillali, ya lamunci ciniki, amma ya lamunci mutumin da bai taɓa gani ba, a kan hajar da bai san asalinta ba, abin da babu dillalin kara mai hankali da zai yarda da shi. Idan kuɗin damfara suka ratsa ta asusun, banki zai rufe shi, kuma takardar gayyatar hukumar EFCC ko ta 'yan sanda sunan da ke rubuce za ta nema. Haka ma mai POS ko ɗan canjin kirifto da ya karɓi taransifa daga asusun da sunansa ya saɓa da na mai sayen da ke gabansa: jarinsa duka na iya maƙalewa saboda ciniki ɗaya, shi ya sa ƙwararru a harkar ke ƙin karɓar biya daga hannu na uku.

Malamai sun saɓa a kan halaccin kirifto kansa, wasu suna ganin rashin tabbas da ke cikinsa ya yi yawa, wasu suna halasta shi da sharuɗɗa, amma ƙa'idar fiƙihu cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yin ta sananniya ce, haka nan umarnin rubuta bashi da kafa shaidu da ke aya ta 282 a Suratul Baƙara. Al'ummar da ta tashi a kan waɗannan ƙa'idoji ba za ta ga neman shaida a ciniki baƙon abu ba.

Abin da ke sa mutane kauce wa tantancewa a karkarar Sakkwato ya fi alaƙa da wahalar samun shaidar da kuma tsoron inda bayanan za su faɗa. Manomin da sai ya bar gonarsa ya bi hanya mai haɗari kafin a gyara masa harafi ɗaya a sunansa na NIN zai nemi aron na wani, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta da amfani gare shi muddin bai ga an hukunta mai sayar da bayanan mutane ba. Wajibi ne hukumar NIMC mai ba da NIN ta kai rajista da gyaran bayanai cikin kasuwannin Wurno da Achida da Rabah da Goronyo a ranakun da suke ci, wajibi ne kuma sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin masu POS da limamai su bayyana wa matasa cewa wanda ya ba da lambarsa da fuskarsa aka buɗe asusu, shi ne mai asusun a gaban shari'a.